Gardamar harsashin Magnum: a fara sanin matsin da ke cikin kwanso

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu tsoma baki cikin wata gardama da ta zama ruwan dare a teburan mai shayi na Taminus da majalisun samari a nan Jos, tun da bidiyon maharban Amurka ya cika wayoyi. Gardamar dai ita ce wane harsashin libarba ya fi. Wannan ya ce .357, wancan ya ce .44, na gefen benci ya ce in ba .500 ba duk wasan yara ne. Dukkansu harsasan Magnum ne, wato masu ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi. Ana ta jifan juna da lambobi, amma da wuya ka sami wanda zai faɗa maka abin da lambar take aunawa.

Kafin mu shiga, a san inda aka tsaya. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki irin su adaka suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tana buƙatar lasin daga Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa suna cikin haramtattu, sahu ɗaya da bindigogin soja, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasin, haka ƙera shi ko harhaɗa shi. Saboda haka abin da za mu faɗa ilimi ne game da yadda ake yi a ƙasashen da doka ta yarda. Amma akwai darasi guda a ciki da ya shafi duk maharbin Filato mai lasin, kuma don shi muka ɗauki alƙalami.

Lambar da ke jikin harsashi faɗin dalmar take nufi a ma'aunin inci, sai dai sau da yawa ba ta faɗin gaskiya. .38 Special da .357 Magnum faɗinsu ɗaya ne cif, milimita 9 da ɗan ɗoriya. Wanda ake kira .44 a zahiri .429 ne, wato milimita 10.9. Shi .41 ne ya tsaya kan gaskiyarsa, .410, milimita 10.4. Ke nan tazarar da ke tsakanin .41 da .44, wadda samari ke ɗaga jijiyar wuya a kanta, rabin milimita ce.

Inda bambancin yake shi ne matsin da albarushi ke haifarwa a cikin kwanso idan ya kama wuta. Mai faci a bakin titin Bauchi yana hura tayar ƙaramar mota zuwa 32 ko 35. Da wannan ma'aunin dai, .38 Special iyakarsa 17,000, .357 Magnum kuwa 35,000, wato ninkin tayar mota sau dubu, a cikin ɗan rami da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. .44 Special 15,500, .44 Magnum da .41 Magnum 36,000. Tsohon .45 Colt 14,000 ne kacal, amma ɗansa .454 Casull ya kai 65,000, haka ma .460. Shi .500 yana tsayawa a 60,000. A ajiye wannan lamba kuma a gefe: harsashin bindigar farauta lamba 12 da maharbanmu suka sani, iyakarsa 11,500.

Da kamfanin Smith & Wesson ya fito da .357 a 1935, bayan gwaje-gwajen mutane irin su Elmer Keith da Phil Sharpe, sai aka ƙara wa kwanson .38 tsawon kusan milimita 3 da rabi. Ba don albarushi ya rasa wurin zama aka yi haka ba. An yi ne don kada sabon harsashin ya shiga tsohuwar libarbar .38 wadda ƙarfenta ba zai jure ninkin matsi ba. In ka tura shi, gindinsa zai tsaya a waje, ganga, wato abin nan mai ramuka da ke juyawa da harsasai, ta ƙi rufuwa. Wannan dabara aka maimaita a tsakiyar shekarun 1950 da Remington da Smith & Wesson suka fito da .44 Magnum daga .44 Special, aka sake maimaita ta a .454 da ya fi .45 Colt tsawo. Gajere yana shiga ramin dogo lafiya lau, dogo ba ya shiga ramin gajere. .41 Magnum na 1964 ne ya tashi maraya, ba shi da ƙane mai sauƙi da ake samu a kowane shago, kuma wannan na cikin abin da ya hana shi kasuwa duk da cewa harsashi ne mai kyau ƙwarai.

Ta fuskar farauta, .357 yana jefa dalma mai nauyin giren 158, kimanin giram 10, da gudun mita 370 zuwa 380 a daƙiƙa, ƙarfin bugunsa ya ɗan haura jul 700 (jul ma'aunin ƙarfi ne) a bakin bindiga. Wannan ya isa dabba kamar gada ko mazo muddin ba a wuce mita 50 ba, kuma aka sa ta a haƙarƙari bayan kafaɗa. In aka yi amfani da mai giren 180 ya fi nutsewa. .44 yana ɗaukar giren 240, giram 15 da rabi, ƙarfinsa daga jul 1,000 zuwa 1,400 gwargwadon ɗurin kamfani, kuma shi ne ya dace da dabba mai kaurin fata da taurin kai irin gadu. .41 da giren 210 yana bin sawun .44 kusa da kusa, dabbar da aka harba ba za ta bambance su ba, hannu ne kaɗai zai ji ɗan sauƙi. Daga .454 zuwa sama an shiga wata duniya. .500 da aka fito da shi a 2003 yana haura jul 3,000, .460 na 2005 kuwa yana iya kora dalma mai giren 200 har kusan mita 700 a daƙiƙa. An yi su ne don manyan namun daji masu haɗari irin na Alaska. A nan, dabbar da za ta buƙaci wannan sai ɓauna, ita kuwa inda ta saura, a gandun da doka ta tsare take irin su Yankari, ba abin harbi ba ce.

Siffar dalma ta fi lamba tasiri, kuma nan ne 'yan kallon bidiyo ba sa dubawa. Mai rami a baki tana buɗewa kamar laima da ta shiga nama, ta yi ɓarna mai faɗi amma ta tsaya da wuri. A kan gada wannan daidai ne. A kan kafaɗar gadu tana iya farfashewa a ƙashi ba ta kai huhu ba, dabba ta gudu da rauni ta je ta ruɓe a daji, an yi asarar nama an kuma ɗauki alhaki. Don irin wannan ake zaɓar dalma mai tauri mai shimfiɗaɗɗen baki, wadda ba ta buɗewa sai dai ta huda ta wuce. Zomo da gyazbi da zabon daji kuwa, duk wani Magnum zalunci ne a kansu, abin da zai rage bai isa miya ba. Bindiga mai baki ɗaya da ƙananan ƙwayoyin dalma ta fi kowace libarba a wannan aiki, nesa ba kusa ba.

Tsawon bututu ma da magana. Albarushin Magnum a hankali yake cin wuta, yana son hanya. A bututu mai inci 6, santimita 15, yana samun hanya mai ɗan dama. A mai inci 2 da rabi, iskar wutar tana fitowa waje tun ba ta gama tura dalma ba, sai ka ga ƙwallon wuta da ƙara mai firgitarwa, amma gudun ya ragu. Wutar nan da ke burge mai kallo, kuɗi ne ke tashi a iska. Shi ya sa idan aka sa wannan .357 ɗin dai a doguwar bindiga irin Marlin 1894, sai ya ƙara gudu da mita 100 ko fiye a daƙiƙa.

Sai shuri. Duk abin da ya fita gaba da ƙarfi yana mayar da martani baya, kuma nauyin bindiga ne ke shanye shi. A libarba mai kilo ɗaya da 'yan kai, shurin .44 ya kai ninkin na .357, na .500 kuma ya sake ninkawa duk da bindigarsa ta kai kilo 2. Illar ba ciwon hannu ba ce kawai. Jiki yana koyon tsoro. Bayan harbi kaɗan mutum zai fara rufe ido yana danna bakin bindiga ƙasa kafin kunama ta saki, shi bai sani ba, sai dai ya ga dalma tana sauka ƙasa da hagu in na-dama ne. Masu koyarwa suna gano wannan da dabara mai sauƙi: su bar rami ɗaya ko biyu na gangar fanko ba tare da ɗalibi ya san wanne ba. Da ya ja kunama a kan fanko, sai ka ga bakin bindiga ya sunkuya kamar kaza na tsattsaga, ba ƙara ba komai. Wannan sunkuyon shi ke ɓata harbi. A .500 akwai wata masifa ta daban: shurin yana iya sa yatsan sabon shiga ya saki kunama ya sake ja yayin da bindiga ke tashi sama, harbi na biyu ya tafi inda ba a nufa ba. Don haka harsashi ɗaya tak ake sa wa mai koyo.

A ra'ayinmu, mutumin da zai iya sa dalma shida na .357 cikin faifai ɗaya daga mita 25 ya fi wanda ke riƙe da .500 yana rufe ido. .44 shi ne iyakar abin da yawancin mutane za su iya horuwa da shi har su ƙware.

Akwai wani wuri a jikin libarba da ba a nuna wa masu kallo. Tsakanin fuskar ganga da gindin bututu akwai 'yar tsaga, milimita 0.1 zuwa 0.2, kaurin takarda ɗaya ko biyu. In ka ɗaga bindigar da babu harsashi ka duba ta gefe wajen haske, za ka ga siririn zare na rana ta wurin. Ta nan iskar wuta ke fesowa gefe da gefe a kowane harbi. Wanda ya saba riƙon fistol ya miƙa babban yatsansa gaba har ya kai wurin, .357 zai ƙona shi ya tsaga fata, .460 yana iya yanke kan yatsan. Yatsu biyu manya a bayan ganga suke zama, ɗaya kan ɗaya. Kuma ba a tsayawa a gefen mai harbi daidai wannan tsaga.

Ga mai harbin nishaɗi a filin gwaji, .357 ba shi da na biyu, saboda ƙanensa .38 mai araha ne mai laushi, ana iya wuni ana harba shi. Sai dai yana barin gyambo: da yake kwansonsa gajere ne, toka da maiƙo suna taruwa su yi zobe a gaban ramin ganga. In aka zo sa .357 ba a goge ba, sai ya ƙi shiga sosai, ko ya shiga da tilas zoben ya matse bakin kwanso, matsi ya ƙaru, fitar da shi kuma ya zama aiki. Burushin tagulla da man wanke bindiga ke cire shi. Ita ma bindigar tana tsufa gwargwadon abin da ake ba ta. Samfurin 19 na Smith & Wesson, mai matsakaicin jiki, ya yi suna da tsagewa a ƙasan gindin bututu idan aka yawaita ba shi dalma mara nauyi mai giren 125 da ɗuri mai zafi, dalili ke nan da kamfanin ya fito da masu kaurin jiki, 586 da 686, a farkon shekarun 1980.

Ɗurin hannu, wato mutum ya sake cika kwanson da ya harba, sana'a ce babba a Amurka. Kwanson Magnum miƙaƙƙe ne ba wuya ba kafaɗa, shi ya sa masu ɗuri ke ƙaunarsa. Ana wanke shi, a duba bakinsa ko ya tsage, a matse shi a injin hannu ya koma girmansa tare da fitar da tsohuwar hular gindi, wadda za mu kira ƙyastu tunda ita ke ƙyasta wuta. Sai a ɗan buɗa bakin, a sa sabon ƙyastu ya nutse kaɗan ƙasa da gindi, a auna albarushi a sikeli, a zaunar da dalma, a naɗe bakin kwanso ya cije ta. Nauyin albarushi ba abu ne da ake ɗauka a bakin mutum ko a jarida ba. Kowane iri da littafin kamfaninsa, ana farawa daga ƙasan jadawali a hau a hankali.

Kowane mataki da irin hatsarinsa. Albarushi mai saurin ci, wanda ake yin ɗuri mai laushi da shi, ɗan kaɗan ne a ƙasan dogon kwanso, har za a iya zuba shi sau biyu ido bai lura ba. Wannan ɗuri biyu shi ne ke fasa ganga ya ɗaga ƙarfen sama na bindiga kamar murfin gwangwani. Maganinsa a jera kwansunan a tire, a haska tocila a leƙa kowanne kafin a sa dalma. Mai jinkirin ci irin H110, wanda ke ba Magnum cikakken gudu, nasa akasin haka ne: yana cika kwanso, ba ya yarda a rage shi sosai, in an rage sai ya ƙi kamawa daidai. Daga nan, ko daga kwanson da aka manta ba a zuba masa komai ba, ake samun harbin da ya yi "fus" maimakon ƙara. Ƙyastu kaɗai ya tura dalma ta maƙale a cikin bututu. Wanda bai tsaya ba ya sake ja, dalma ta biyu ta ci karo da ta farko, bututu ya kumbura ko ya tsage. Duk harbin da ƙararsa ta yi rauni ko shurinsa ya yi sanyi, a tsaya, a buɗe ganga, a zura sanda a tabbatar hanya a buɗe take.

Naɗin baki a Magnum ba ado ba ne. Idan bindiga ta yi shuri baya da ƙarfi, dalmar da ke sauran ramuka tana so ta tsaya inda take, sai ta riƙa zamowa gaba kaɗan-kaɗan. A harbi na huɗu ko na biyar kanta ya leƙo daga fuskar ganga, ganga ta ƙi juyawa, bindiga ta zama guduma. Ga maharbin da gadu mai rauni ya juyo masa, babu lokacin da ya fi wannan muni. Ƙyastun da bai nutse ba shi ma yana goga jikin bindiga ya tsayar da ganga. Alamar an wuce gona da iri a matsi kuwa kwanso ne ke faɗa: in kwansunan sun ƙi fitowa sai an buga sandar fitarwa da tafin hannu, in ƙyastu ya baje ya cika raminsa gefensa ya daina zagaye, to a koma baya, kuma a sani cewa wani lokaci matsi yana wuce iyaka ba tare da ko ɗaya daga cikin alamun nan ya fito ba.

Masu zuba dalmarsu da kansu suna haɗa ta da kuza, wannan dai kuzar da aka haƙe Filato dominta. Keith ya yi suna da haɗin kashi 1 na kuza cikin 16 na dalma. Kuza tana ƙara tauri tana kuma sa narkakkiyar dalma ta cika mazubi sosai. Dalma mai laushi in aka kora ta da gudun Magnum tana shafewa a cikin bututu, saiti ya lalace. Dalma tana narkewa a digiri 327, ɗigon ruwa guda in ya nutse cikin tukunyar zai watso ta a fuska. Ƙurarta kuwa guba ce, ba sai an tuna wa kowa yaran Zamfara na 2010 ba. Ba a narka ta a ɗaki, ba a yi kusa da yara, ba a cin abinci da hannun da ya taɓa ta.

Yanzu ga darasin da muka ce ya shafe mu. Duk waɗannan bindigogi da ƙarfe na musamman ake yin su, a gasa shi, a gwada kowace da ɗurin da ya fi na kasuwa ƙarfi kafin ta fita. Bututun famfo ko na sitiyarin mota da wani maƙeri ya lanƙwasa a ɓoye bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, babu wanda ya san iyakarsa, kuma .357 ya ninka matsin lamba 12 sau uku. Fashewarsa a tafin hannu take, kusa da ido. Adaka kuma don baƙin albarushi aka yi ta. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a adaka, ko da cokali ɗaya da wanda ya saba, ya haɗa wa kansa bam, domin awo ɗaya na garin zamani yana haifar da matsin da ya ninka na baƙin albarushi. Maharbi ya yi wa sandar ɗurinsa zane biyu, ɗaya daidai baki in bindiga fanko ce, ɗaya in tana da ɗuri guda. In sanda ta tsaya sama da zane na biyu, ɗuri biyu ne a ciki, kada a harba.

Masu baki ɗaya da baki biyu su karanta abin da aka buga a jikin bututu. In an rubuta 70, wato tsawon harsashi a milimita, harsashi mai 76 zai shiga ya rufe lafiya, domin tsawon da ake nufi na bayan bakinsa ya buɗe ne, amma da an harba ba shi da wurin buɗewa sai matsi ya hau. Harsashin lamba 20, wanda ya fi siranta, in ya faɗa cikin bindiga lamba 12 yana zamewa ya maƙale a gaba, a ɗauka babu komai a sa wani a bayansa. Kada a haɗa su a jaka ɗaya. Da damina kuma, tuntuɓe ɗaya a taɓo ya isa ya toshe baki, a karya bindiga a leƙa kafin a ci gaba.

Kunne ma yana da haƙƙi. Ƙarar .357 ta haura desibel 160, alhali daga 140 harbi ɗaya ya isa ya yi lahanin da ba ya warkewa, kuma lamba 12 ba ta yi nisa da wannan ba. Masu harbin Magnum a filin gwaji toshiya biyu suke sawa, ta soso a ciki da mai rufe kunne a waje. Muna roƙon sarakunan baka da shugabannin maharba na Filato su sa toshiyar kunne cikin kayan da ake tambayar yaro kafin a fita da shi daji, ana samunta a shagunan kayan ma'aikatan gini, kuɗinta bai kai na harsashi ɗaya ba.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu nazarin harkar farauta da wasan harbi,
Jos, Jihar Filato.